Ɗan Nanon: Mai gogen da Paris ta tafa wa amma ta hana shi kujera

A shekarar 1776 aka shiga neman wanda zai riƙe gidan opera na birnin Paris, babban gidan kiɗa da waƙa da rawa na Sarkin Faransa. Gidan ya daɗe yana cin kuɗi ba ya mayarwa, ga rikicin cikin gida ya hana shi sakat. Wasu masu hannu da shuni suka yarda za su ɗauki nauyinsa, suka kuma kawo sunan mutumin da suke ganin zai iya: Joseph Bologne, wanda duniya ta fi sani da Chevalier de Saint-Georges. Shekararsa talatin a lokacin. Shekara uku ke nan yana jagorantar wata tawagar makaɗa da mutanen Paris ke alfahari da ita, kuma in ya ɗora gogensa a kafaɗa, manyan gari kan yi tsit.

Sai mata uku daga cikin taurarin gidan, mawaƙa biyu Sophie Arnould da Rosalie Levasseur, da 'yar rawa Marie-Madeleine Guimard, suka kai takardar koke gaban Sarauniya Marie Antoinette. Babu inda suka ce bai iya aikin ba. Abin da suka ce kawai shi ne, mutuncinsu ba zai bar su su karɓi umarni daga bakin ruwa-biyu ba. Da labari ya kai masa, sai ya janye sunansa da kansa, don kada sarauniya ta shiga tsaka mai wuya saboda shi. Sarki Louis na 16 ya mayar da gidan hannun ma'aikatan fadarsa, magana ta mutu a nan.

Mutumin da aka yi wa haka ɗan baiwa ne. An haife shi ranar 25 ga Disamba, 1745, a Baillif, kusa da garin Basse-Terre a tsibirin Gwadalup, ɗaya daga cikin tsibiran Karibiyan da Faransa ta mallaka tana noman rake da gumin bayin da aka kwaso daga Afirka. Wato ya girmi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da shekara tara. Ubansa, Georges de Bologne Saint-Georges, Bature ne mai gandu. Uwarsa Nanon baiwa ce 'yar asalin Afirka, yarinya ƙarama da ke yi wa matar ubangidanta hidima.

A nan mai karatu Bahaushe zai so ya ɗan tsaya. A shari'ar da muka gada, ɗan da ubangida ya haifa da sa-ɗakarsa ɗa ne, yana cin gado daidai da ɗan matar aure. Uwarsa ba a sayar da ita, kuma ranar da ubangidan ya rasu ta zama 'ya. Sarakuna da yawa na ƙasar Hausa 'ya'yan ƙwaraƙwarai ne, ba wanda ya hana su rawani saboda haka. Dokar bayi ta Faransa kuwa, wadda Sarki Louis na 14 ya zartar a 1685, cewa ta yi ɗa yana bin uwa: in baiwa ce, shi ma bawa ne, ko wane ne ubansa. Ba wanke bautar da aka yi a ƙasarmu nake yi ba. Mu da ke zaune a Minna mun san abin da hare-haren Kontagora, a zamanin Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim, suka yi wa ƙauyukan Gwari, kuma akwai gidajen da har gobe ake tuna wadda aka kama ba ta dawo ba. Amma wannan bambanci na doka shi ya shata wa Joseph iyakar rayuwarsa tun yana cikin zanin goyo.

Abin da ya cece shi, uban bai yi musunsa ba. Ya ba shi sunan gidansa, ya kuma riƙe shi riƙon ɗa. A 1747 Georges ya yi faɗan takobi da wani mutum, mutumin ya mutu bayan 'yan kwanaki, shi kuma ya gudu. Kotu ta yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa, ta ce a ƙwace dukiyarsa, kuma a idon waccan doka bayi dukiya ne da ake ƙwacewa a sayar. Sai a 1749 sarki ya yi masa afuwa. A 1753 ya kai yaron Faransa karatu yana ɗan shekara bakwai, bayan shekara biyu Nanon ma ta iso, suka zauna a Paris. Daga baya Georges ya sami muƙami a fadar sarki, amma muƙamin ba mai gangarowa kan ɗan da aka haifa da baiwa ba ne.

Takobi kafin goge

Yana shekara goma sha uku aka sa shi makarantar wani malamin takobi mai suna La Boëssière. Da safe karatu, da rana takobi da hawan doki. Wasan takobi a Faransar wancan zamani alamar ɗan babban gida ce, da shi ake auna namiji, kuma yaron nan ya shiga doke manya tun gemu bai fito masa ba. Wani gwanin takobi daga garin Rouen, Alexandre Picard, ya riƙa yi masa gori a bainar jama'a da launin fatarsa. Aka haɗa su, jama'a suka taru, aka yi caca a kansu, ɗan Nanon ya yi nasara. Ubansa ya ba shi doki da keken doki tukuici. Da ya gama makaranta aka ɗauke shi cikin dogaran sarki masu doki, daga nan laƙabin Chevalier ya bi shi.

Ya iya iyo, ya iya harbi, ya iya rawa. John Adams, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na biyu, ya rubuta a littafin ajiyar bayanansa a 1779 cewa an ba shi labarin wani ɗan baƙar mace da babu kamarsa a Turai wajen hawa da gudu da harbi da takobi da rawa da kiɗa. Masu kuɗin Paris sun yi ta rububin gayyatarsa gidajensu.

Duk wannan lokaci goge na nan yana girma a hannunsa. Gogen Turawa da namu 'yan gida ɗaya ne, ko da yake kamanninsu sun bambanta. Namu ƙwarya ce da aka rufe da fatar guza, da tsagiya guda ta gashin wutsiyar doki. Nasu katako ne aka sassaƙa aka haɗa, mai tsirkiya huɗu, ana ɗora shi a kafaɗa a danne da haɓa. Amma abin gogawar duka gashin doki ne, duka sai an shafa masa ƙaro kafin ya kama, kuma a duka biyun babu wata alama da ke nuna wa yatsa inda zai sauka. Kunne ne ke jagora. Shi ya sa goge, namu da nasu, ya fi yawancin kayan kiɗa kusa da muryar ɗan Adam, shi ya sa kuma koyonsa ke cin shekaru.

A 1766 wani babban mai tsara kiɗa, François-Joseph Gossec, ya wallafa kiɗe-kiɗe shida ya sadaukar da su ga Saint-Georges. A 1769, da Gossec ya kafa tawagar da ake kira Concert des Amateurs, wadda ke wasa a wani katafaren gida mai suna Hôtel de Soubise, Saint-Georges na cikin masu gogenta. A 1772 ya fito gaba shi kaɗai ya kaɗa konceto biyu da ya tsara da kansa. Konceto kiɗa ne da goge ɗaya ke jan gaba, taron makaɗa na amsa masa, kamar yadda mawaƙi ke yi da 'yan amshinsa. Mutanen da suka san shi da takobi suka riƙe baki. Shekara na zagayowa Gossec ya koma wata tawagar, ya bar masa ragamar wannan.

Ya yi shekara takwas yana riƙe da ita, kuma a cikinsu ya yi mafi yawan aikin da muke da shi yau: konceto na goge fiye da goma, da kiɗan mutum huɗu wanda yana cikin na farko da aka wallafa a Faransa, da simfoni biyu, da wani nau'in da Paris ke yayi a lokacin, inda goge biyu ke ja-in-ja da juna a gaban tawaga. Wanda ya saurari konceto ɗinsa zai ji hannun mai takobi a ciki. Yana son hawa can ƙololuwar tsirkiya inda kuskuren gashi guda ke ɓata komai, ya faɗo ƙasa farat ɗaya, ya sake hawa. Amma ni abin da ya fi kama ni shi ne sassan tsakiya, inda yake sassautawa. A can babu nuna gwaninta. Murya ce guda, doguwa, mai taushi, wadda ba ta gaggawa, kuma akwai kaɗaici a cikinta da ba ya ɓuya. Ina ganin duk wanda ya taɓa jin kukuma da tsakar dare zai gane wannan murya ba sai an yi masa bayani ba.

Ƙofofin da ke rufewa

Koken 1776 bai zo shi kaɗai ba. A 1777 gwamnatin sarki ta fitar da dokar hana baƙaƙen fata da ruwa-biyu shigowa Faransa, aka kuma tilasta wa waɗanda ke ciki yin rajista. A 1778 aka haramta aure tsakanin farare da baƙaƙe. Mahaifin Saint-Georges ya riga ya rasu a Gwadalup tun 1774, kuma 'yarsa ta aure ce magajiya a idon doka. Saint-Georges bai taɓa aure ba har ya bar duniya. Gidajen da ke tafa masa da dare babu wanda zai ba shi 'ya da safe.

Sai ya juya ga rubuta opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera dukan maganganunsa ko mafi yawansu. Na farko, Ernestine, an nuna shi a Yulin 1777, ya faɗi warwas a daren farko. Masu sharhi sun yabi kiɗan, suka ɗora laifin a kan labarin, wanda Choderlos de Laclos ya rubuta. Madame de Montesson, matar Yarima na Orléans, ta ɗauke shi ya riƙe mata gidan wasanta na cikin gida, kuma a can aka nuna L'Amant anonyme a 1780. A cikin duk opera da ya rubuta, wannan kaɗai ya iso mu cikakke.

Akwai laƙabin da ake yawan manna masa a yau, wai Baƙin Mozart. Ban yarda da shi ba. Saint-Georges ya girmi Mozart da shekara goma. A 1778, lokacin da Mozart ya zo Paris neman aiki bai samu yadda yake so ba, har mahaifiyarsa ta rasu a can cikin watan Yuli, Saint-Georges shugaban tawaga ne da gari ya sani. Ba ina cewa ya kai Mozart zurfi ba, kaɗan ne a tarihin kiɗan Turai suka kai. Amma mutum ne mai sunansa da salonsa, kuma ya isa a kira shi da su.

A 1781 kuɗi suka ƙare wa Concert des Amateurs, domin masu ɗaukar nauyinta sun yi asara a yaƙin neman 'yancin Amurka wanda Faransa ta shiga. Ba a daɗe ba aka tayar da wata, Concert de la Loge Olympique, shi ne kuma a gabanta. Makaɗanta kan fito cikin riguna masu launin sararin sama, da takobi a ɗamare. Wannan tawaga ce, da kuɗin wani basarake Comte d'Ogny, ta nemi Joseph Haydn na Ostiriya, wanda a lokacin ba wanda ya fi shi suna a Turai, ya tsara mata simfoni shida. Haydn ya rubuta su a 1785 da 1786, su ne masu lamba 82 zuwa 87, waɗanda ake kira na Paris, har yau ana kaɗa su a ko'ina cikin duniya. Saint-Georges ne ya jagoranci fara kaɗa su. Mutane da yawa sun san waɗannan simfoni ba su san hannun wa ya fara ɗaga su ba.

A Afrilun 1787 yana Landan, inda ya yi wasan takobi da wani gwanin takobi, Chevalier d'Éon, a gidan Carlton a gaban Yarima mai jiran gadon Ingila. A wannan tafiya ne wani mai zane Ba'amurke, Mather Brown, ya zana shi. Hoton da aka fi sanin sa da shi ke nan: farin gashin ado irin na manyan lokacin, takobi a hannu, goge a bayansa.

Soja, fursuna

Da juyin juya halin Faransa ya ɓarke a 1789, mutumin da ya yi wasa a gaban sarauniya ya zaɓi ɓangaren masu juyi. Wannan bai kamata ya ba kowa mamaki ba. Masu juyi sun ce an haifi mutane duka 'ya'ya kuma daidai suke, shi kuwa ya shekara arba'in yana jin inda tsohon tsari ke matsa masa. Ya shiga rundunar tsaron ƙasa a garin Lille. A Satumban 1792 majalisa ta amince a kafa runduna ta baƙaƙe da ruwa-biyu 'yan tsibiran, aka naɗa shi kanar ɗinta, har mutane suka riƙa kiranta da sunansa. Cikin manyan hafsoshinta akwai Thomas-Alexandre Dumas, shi ma ɗan baiwa, wanda ya zama janar, kuma shi ya haifi marubucin nan Alexandre Dumas.

A Afrilun 1793 Janar Dumouriez ya ci amanar jamhuriya, ya nemi ya kama Lille ya buɗe wa abokan gaba hanya. Saint-Georges na cikin waɗanda suka ƙi bin sa suka tona shirin, garin ya tsira. Sakayyar da ya samu ita ce, kafin shekarar ta ƙare an tuɓe shi an kulle. Zamani ne da ake fille kawuna bisa zato. An kashe sarki a Janairu, sarauniya a Oktoba, ɗan Yarima na Orléans wanda ya daɗe yana tare da shi a Nuwamba. Duk wanda ya taɓa shiga waɗannan gidaje abin tuhuma ne. An zarge shi da wasa da kuɗin runduna, aka tsare shi kusan shekara guda, sai bayan faɗuwar Robespierre, jagoran masu fille kawunan, a 1794 aka sake shi. Ya yi ta neman a mayar masa da rundunarsa, bai samu ba.

Yana tsare ne, a Fabrairun 1794, majalisa ta soke bauta a duk ƙasashen da Faransa ke mulka.

Ya koma ga goge. A 1797 yana jagorantar wata sabuwar tawaga, Cercle de l'Harmonie, jaridu na yabon ta. Amma ƙarfi ya tafi, dukiya ma haka. Ciwon mafitsara ya kwantar da shi, wani tsohon abokinsa na soja ya ɗauke shi gidansa, a can ya rasu a watan Yunin 1799 yana da shekara 53.

Bayan shekara uku, a 1802, Napoleon ya dawo da bauta. Ya aika Janar Antoine Richepanse Gwadalup da sojoji. Wani hafsa ruwa-biyu, Louis Delgrès, ya yi turjiya, da ya ga an kewaye su a Matouba ranar 28 ga Mayu, shi da mutanensa suka cinna wa albarushinsu wuta maimakon su koma ƙangi. Janar Dumas ya mutu a 1806 cikin talauci. Sai a 1848 Faransa ta soke bauta sokewar ƙarshe. A cikin wannan yanayi sunan Saint-Georges ya dusashe. Gaskiya ba shi kaɗai aka manta ba, domin zamanin Beethoven ya zo ya rufe kusan duk masu tsara kiɗan Paris na ƙarninsa, har da Gossec. Amma Faransar da ke sake ɗaure baƙaƙe ba ta da sha'awar tuna cewa ɗayansu ya taɓa riƙe babbar tawagar makaɗanta. Wani titi kusa da cocin Madeleine a Paris ya daɗe yana ɗauke da sunan Richepanse. Sai a ƙarshen 2001 hukumar birnin ta yanke shawarar cire shi, ta sa na Chevalier de Saint-Georges.

Da a nan aka haife shi

Na ce da a ƙasarmu aka haifi Joseph, jinin uwarsa ba zai hana shi gado ba. Amma akwai sauran rabin maganar, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Da a nan ne, gogen ne zai hana shi.

Kowa ya san matsayin makaɗi a wurin Bahaushe. Ana nemansa ranar biki, ana yi masa liƙi, ana kuka in ya taɓo zuciya, amma in ya aiko neman aure sai a fara duban juna. A cikin makaɗan ma akwai hawa-hawa. Mai kotso irin Narambaɗa da mai taushi irin Sarkin Taushin Katsina na fada ne, suna da riga da doki. Mai goge yana can ƙasa, saboda an haɗa shi da bori da gidan magajiya, malamai kuma sun daɗe suna suka. Minna gari ne da jirgin ƙasa ya raya, tun da layin Baro zuwa Kano da aka gama a 1911 ya ratsa ta, ya jawo leburori da fatake, Hausawa da Nufawa da Yarbawa da Ibo, zuwa ƙasar Gwari. A irin waɗannan garuruwan tasha goge ya sami kasuwa wurin baƙi da gwagware masu kewar gida, a can kuma ya ƙara ɗaukar sunan da ya bi shi. Dattawa da yawa da ke girgiza kai in an ambaci goge, sun san waƙoƙin Garba Supa da Ahmadu Doka da Ibrahim Na Habu a ka.

Ba dole ba ne abin ya zama haka. A masarautar Dagomba ta arewacin Gana, goge irin namu kayan fada ne, masu kaɗa shi na cikin masu riƙe tarihin sarakuna suna yi musu kirari. A ƙasar Yarbawa, Yusuf Olatunji ya ɗaukaka da shi a kiɗan sakara har ya rasu a 1978 da mutuncinsa. Wata farfesa Ba'amurkiya, Jacqueline Cogdell DjeDje, ta shafe shekaru tana bin masu goge na Fulani da Hausawa da Dagomba, ta fitar da littafi sukutum a kansu a 2008. Kayan kiɗan ɗaya ne, mutane ne ke yanke masa daraja. Paris ta girmama gogen ta raina fatar mai riƙe da shi. Mu ba mu damu da fatar ba, sana'ar muka raina. Ta kowace hanya aka bi, gwanin yana tsaye a bakin zaure ana jin daɗinsa, ba a ce masa ya shigo ya zauna ba. Ba ina jayayya da malamai a kan hukuncin kiɗa ba, wannan fagensu ne. Abin da nake cewa shi ne, mutumin da ya ba da shekara talatin yana koya wa yatsunsa abin da ba kowa ke iyawa ba, ya cancanci a rubuta tarihinsa da sunansa da na wanda ya koya masa.

Akwai kuma wani bambanci da ya fi wannan ciwo. An manta Saint-Georges kusan shekara ɗari biyu, amma kiɗansa bai mutu ba, domin a rubuce yake. Turawa suna da rubutun kiɗa da ke nuna kowace murya da tsawonta, kuma madaba'un Paris sun buga ayyukansa tun yana raye. Takardun suka kwanta a ɗakunan ajiya har masu nema suka zo. Daga shekarun 1970 aka fara ɗaukar kiɗansa a faifai. A 1997 wata gwanar goge Ba'amurkiya, Rachel Barton Pine, ta fitar da faifai na ayyukan baƙaƙen masu tsara kiɗa, da konceto ɗinsa a ciki. A 2006 Gabriel Banat, wanda shi kansa ya taɓa zama mai goge a babbar tawagar New York, ya wallafa cikakken tarihinsa bayan ya tona takardun kotu da na soja. A 2015 Chi-chi Nwanoku, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, ta kafa tawagar Chineke! a Ingila, mafi yawan makaɗanta baƙaƙe da sauran 'yan tsiraru, kuma kiɗan Saint-Georges na cikin abin da take kaɗawa. An yi fim a kansa mai suna Chevalier, wanda ya fito gidajen kallo a 2023, ko da yake masu fim sun ƙara gishiri da yawa a labarin.

A 2020 gidan opera na Los Angeles ya ɗauko L'Amant anonyme, shekara 240 bayan an fara nuna shi, mawaƙa suka buɗe takarda suka rera abin da ya rubuta. A wannan shekarar ce namu mai kukuma, Hassan Wayam, ya rasu a Zariya. Abin da ya bari kaset ne da abin da gidajen rediyo suka ɗauka, da waɗanda masu tura waƙa ke zuba wa mutane a waya a kasuwannin Minna da Kaduna da Kano, sau da yawa ba suna, ba shekara, ba sunan 'yan amshi. Muryar kukumarsa tana nan. Yadda yake ɗora yatsun hagu a kan tsagiya, da yadda yake ɗaure ta, da wanda ya koya masa wane salo, waɗannan sai wurin yaransa da suka zauna kusa da shi. Su ma suna tsufa, kuma a bukukuwan yau fiyano da na'urar sauti sun karɓe filin da 'ya'yansu za su koya. Har yanzu akwai masu goge da kukuma da ke raye a Neja da Zamfara da Katsina da Maraɗi. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi ta isa ta ɗauki hannunsu a bidiyo, a tambaye su sunan uba da na maigida da garin da suka fara, a rubuta a ajiye tare da kwanan wata.